Abin da ke hana ma'aikaci bin aiki zuwa wani yanki

Malam, ka tambaya me ya hana ma'aikacin da masana'antar yankinsu ta rufe ya tattara ya koma inda ake ɗaukar aiki. Mutum ba shi kaɗai yake tashi ba, yana da iyali da iyaye tsofaffi, kuma gidan da ya mallaka darajarsa faɗuwa take yi, domin kowa sayarwa yake so, babu mai saye, sai kuɗin ya kasa zaunar da shi a wani gari.

Dubi Detroit a Amurka. Mazaunanta sun haura miliyan 1.8 a 1950, amma da masana'antun mota suka ja baya, sai suka ragu zuwa kimanin dubu 700 a 2010. Kuɗin harajin da birnin ke samu ya yi ƙasa, fitilun titi da yawa suka mutu, har a 2013 birnin ya je kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan bashinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai shekara 50 da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan inji ɗaya, yana fita da safe da takardunsa a hannu, ya dawo da yamma ya rasa abin da zai gaya wa 'ya'yansa.