Asusun ritaya ya faɗi gwajin IRS, hukumar harajin Amurka: ta ina za a fara?

Malam, ka ce manhaja ta nuna rabon ribar da kamfaninku na Amurka ke zuba wa ma'aikata a asusun ritaya ya fifita manya a kan ƙananan ma'aikata, abin da gwajin ke dubawa ke nan. Galibi matsalar daga bayanan da aka zuba take. Duba waɗanda ka lissafa a manya: mai sama da kashi 5 na kamfanin, har matarsa da 'ya'yansa masu aiki a ciki, da wanda albashinsa ya haura dala 160,000 a 2025, in gwajin 2026 ne. Kar ka goge waɗanda suka bar aiki, nan ake yawan tuntuɓe. Idan ana auna rabon da shekarun haihuwar ma'aikata, sai ƙanana sun samu kashi 5 na albashinsu, ko sulusin kaso mafi tsoka na manya. In ya ƙi, ana iya ƙara musu cikin wata tara da rabi bayan ƙarshen shekara, amma wannan gyaran kam, ƙwararren mai kula da asusun zai rubuta.