Giyar Motata Tana Sulɓewa: A Sauke Ta Ko Da Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Prado ƙirar 1997, otomatik, mai ja da taya huɗu. Da safe idan na sa ta a D sai ta ɗan jima kafin ta kama. Idan kuma ta yi zafi, wajen shiga giya ta uku sai injin ya yi ta ƙugi motar ba ta ƙara gudu ba, fitilar O/D OFF tana ƙyaftawa. Bakanike ya ce a sauke giyar a sa wata. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya tukuna. Giyar da ke cikin motarka ƙirar Aisin ce mai hawa huɗu, daga dangin A340, kuma tana da jimiri ƙwarai. Da yawa daga waɗanda ake saukewa, matsalarsu a waje take: mai, waya, ko kebul.

Fara da man giya. Tuƙa motar har ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai bai ɗaya, injin na sulo, ka taka birki ka zagaya da sandar giya daga P zuwa L ka dawo P, sannan ka zaro geji. Man ya kamata ya tsaya a alamar HOT. Ɗiga shi a farin ƙyalle ka duba, ka kuma sansana. Ja garau lafiya ce. Idan ya yi duhu yana ƙauri, kulocin ciki sun sha zafi. Idan kuwa ya koma kamar madara mai ɗan ja, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai, kuma daga nan kada motar ta sake motsi, domin ruwa yana ɓamɓare fatar kuloci. Jinkirin nan na safe sau da yawa ƙarancin mai ne, ko matata ta toshe, ko robobin ciki sun ƙandare don tsufa.

Fitilar da ke ƙyaftawa ita ce ta fi jan hankalina, kuma na yi mamaki da ba a bi ta kanta ba. Kwamfutar motar ce take gaya maka ta ga laifi. A soket ɗin bincike, haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, maɓallin O/D (na giya ta huɗu) a kunne, ka ƙirga ƙyaftawar. Lamba 62 da 63 suna nuni ga solinoyid na ɗaya da na biyu, waɗanda ke buɗe wa mai hanya a canza giya. 64 na solinoyid ɗin kulle kwambata ne, wato na'urar da ke haɗa inji da giya. 42 da 61 sansar gudu ce, wato na'urar da ke auna gudun mota. Solinoyid mai lafiya yana ba da om 11 zuwa 15 a mita. A auna shi da sanyi, a sake aunawa da zafi, don wani sai ya ɗumama yake yankewa. A bi wayar ma da hannu, musamman inda ta ratsa kusa da salansa. Motar da ta saba shiga ruwa da taɓo, soket ɗinta kan yi tsatsa kore.

Akwai gwajin da ke raba gardama: a cire soket ɗin solinoyid a tuƙa da hannu. L zai ba da giya ta ɗaya, 2 ta uku, D ta huɗu. Idan kowace ta kama da ƙarfi ba sulɓewa, cikin giyar lafiya lau ne, laifin na lantarki ne. Idan ta uku ta ci gaba da sulɓewa, to sai a sa agogo a auna matsin mai, a kuma duba kebul ɗin da ya taho daga totur zuwa giya. In ya saki, matsi yakan ragu, kuloci ya yi ta zamewa.

Bayan haka a sauke kaskon mai na ƙasan giyar. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisun da ke cikin kaskon ba komai ba ne. Ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin gari mai yawa, shi ne shaidar cewa sai an buɗe giyar. A wannan hali na fi son a gyara taka da sababbin kuloci da robobi, a wanke kwambata da bututun sanyaya, a kan a ɗora tsohuwar da ba wanda ya san abin da ta sha.

Idan kaskon ya fito da tsabta, a wanke matata ko a sauya, a zuba man giya Dexron III, ko abin da aka rubuta a jikin gejin. Kada a bari a wanke giyar da injin matsi. A riƙa zubarwa ana cikawa sau biyu ko uku, da 'yar tafiya a tsakani. Kafin a kammala binciken, ka daina jan kaya, kuma in ta kama ka shiga yashi ko hawan dutse, sa giyar taimako (ƙaramar sandar nan mai H da L) a L don man ya rage zafi.