Fatawa: Hukuncin haska wa ɗalibai fim ɗin kisan Robert Kennedy

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin tarihi ne a wata kwaleji. A wannan zangon muna karanta siyasar Amurka ta 1968, shi ne na yi niyyar haska wa ɗalibaina fim ɗin Bobby na 2006, wanda aka gina kan ranar da aka harbe Sanata Robert Kennedy. Wani abokin aikina ya ce haramun ne, wai wasan kwaikwayo ƙarya ne, kuma nuna kisan shugaba koya wa yara kisa ne. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya saka maka da ka tambaya kafin ka kunna.

Mu fara da kisan, don shi ne mai sauƙi. Ba da labarin kisa ba laifi ba ne. Alƙur'ani ya kawo kisan ɗan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida, a nan ne kuma ya ce wanda ya kashe rai ba da hakki ba kamar ya kashe mutane ne baki ɗaya. Malaman tarihi irin su Ɗabari sun rubuta yadda Abu Lu'ulu'a ya soki Sayyidina Umar yana limancin Asuba a shekara ta 23 bayan Hijira, da yadda Ibnu Muljam ya sari Sayyidina Ali a shekara ta 40, ba wanda ya ce sun koyar da kisa. Abin da aka hana shi ne a ƙawata aikin har makashin ya zama gwarzo. Abu Dawud ya ruwaito cewa imani ya ɗaure kisan mamaya, mumini ba ya yin sa.

Wannan hadisin za ka buƙace shi a aji. Wanda ya yi harbin, Sirhan Sirhan, Bafalasɗine ne haifaffen Ƙudus daga gidan Kiristoci, ko da yake da yawa in sun ji sunan sai su ɗauka Musulmi ne. Ya danganta aikinsa da goyon bayan Kennedy ga ba Isra'ila jiragen yaƙi, ranar kuma ta zo daidai da cikar shekara guda da fara yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967. Ba za a rasa ɗalibin da zuciyarsa za ta ce ai ramuwa ce ba. Ka gaya masa zaluncin da aka yi wa Falasɗinawa gaskiya ne, amma bai halatta wa mutum ɗaya ya yanke hukuncin kisa shi kaɗai, ya zartar da hannunsa ba.

Shi kansa wasan kwaikwayo malamai sun yi saɓani a kai. Sheikh Bakr Abu Zaid ya rubuta littafi yana hanawa, Sheikh Ƙardawi kuma ya halatta kallon silima da sharuɗɗa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne, ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da bai faru ba. In kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", babu jikan da zai kwana yana zaton Gizo ya taɓa zuwa garinsu, saboda haka ba ta yi ƙarya ba.

To a nan ne fim ɗinka yake da matsala, kuma abokin aikinka ya taɓo ta ba tare da ya nufa ba. Abin da ya faru sananne ne. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, 5 ga Yuni 1968, Kennedy ya gama jawabin nasarar zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa a jihar Kalifoniya a otal ɗin Ambassador da ke Los Anjelis, ya ratsa ta wajen kicin, aka buɗe masa wuta da ƙaramar bindiga mai harsashi 8. Wani yaro ɗan shekara 17, ma'aikacin otal ɗin, ya durƙusa ya tallafe kansa, ya danƙa masa carbi irin na Katolika a hannu. Washegari Kennedy ya rasu yana da shekara 42. Mutum 5 suka ji rauni tare da shi, duk sun rayu. Shi kuwa Emilio Estevez da ya shirya fim ɗin, sai ya ƙirƙiro mutum 22 ya zuba su a otal ɗin, manaja da mawaƙiya da mai gyaran gashi da masu aikin kicin, ya riƙa sarƙa labarinsu da hotunan Kennedy na ainihi da muryarsa. Har waɗanda aka nuna harsashi ya samu, cikin ƙagaggun aka ɗebo su, aka bar na gaskiyar. Wannan shi ne zuba ruwa a nono. Mai kallo a gidan silima yana iya sanin dabara ce, amma ɗalibin da malamin tarihinsa ya kunna masa zai ɗauka darasi ne, gobe ya rubuta a jarrabawa, jibi ya koyar. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Alhakin wannan yana wuyanka, ba na mai fim ba.

Sai kuma abin da ba ka ambata ba, ni na ambata maka. Akwai mawaƙiya mashayiya, akwai manajan da ke cin amanar matarsa da ma'aikaciyarsa, akwai samari biyu da suka sha ƙwaya suka fita hayyacinsu. Umurnin runtse ido a Suratun Nur bai faɗi ba don an ce darasi ne.

Saboda haka haska shi daga farko har ƙarshe a aji bai halatta ba. Ya halatta ka zaɓi sassan da suka tsarkaka, wato jawaban, da zaman ma'aikatan kicin da ke nuna halin baƙar fata da 'yan Meziko a lokacin, da wurin harbin. Ka fara kallo kai kaɗai ka yanke, ka kuma rubuta a allo wane ne ya taɓa rayuwa, wane ne aka ƙaga, kafin a kashe fitila. Kada lokacin ya ci salla. In yankan zai yi maka wuya, hotunan gidajen talbijin na daren suna nan a intanet, sun ishe ka. Wallahu a'alam.