Tafki a tsakar gida: amsoshin wasiƙunku

Tun da ruwa ya sauka a Kumasi, wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk a kan tafkin tsakar gida suke. Wani tarwaɗa yake son kiwo, wani ban ruwan lambu, wani kuma ado kawai. Ga waɗanda na tsamo.

Wani matashi daga Aboabo ya ce ya gina tafki da bulo, ya shafe shi da siminti, bayan kwana biyu ya cika shi da ruwan famfo ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Gari na wayewa rabinsu sun yi rigingine. Yana tambaya ko mai ƙyanƙyasar ne ya cuce shi.

Ɗana, kada ka ɗauki alhakin bawan Allah. Sabon siminti yana tsatsafo da kaifi cikin ruwa, ya mayar da shi kamar ruwan toka, wannan kaifin kuwa yana ƙona fatar kifi da matatar numfashinsa. Ga kuma kulorin a kai, domin ruwan da ake turo mana daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi sai an sa masa kulorin kafin ya iso famfonka. Ka cika tafkin ka bar shi mako guda, ka zubar, ka goge bangon da buroshi ba tare da sabulu ba, ka maimaita sau biyu ko uku. Masu yanka kututturen ayaba su jefa a ciki lokacin jiƙon ba su yi laifi ba, amma sauya ruwan shi ne aikin. Ruwan famfo kuma ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin kifi ya shiga. Sannan ka fara da 'yan ƙwaya biyar. In sun kwana biyu suna cin abinci, ka kawo sauran.

Wani malami daga Tafo yana tambayar zurfi. Malam, mita ɗaya ya isa. Tsawon mita 2, faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin mita ɗaya, lita 3,000 ke nan. Ka nisanta shi da harsashin ɗaki, ka ɗaga bakinsa sama da ƙasa kamar taƙi guda don kada ruwan tsakar gida ya gangara ciki, ka kuma sa bututun da zai fitar da rarar ruwa idan aka yi mamakon watan Yuni. In leda za ka shimfiɗa, ka tsince duwatsu da saiwoyi, ka fara zuba yashi a ƙasa. Tsakuwar jar ƙasar nan tamu ba ta raga wa leda.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wata Hajiya daga Asawase ta ce maƙwabta sun dame ta da cewa tafkinta ke tara musu sauro. Sai ta ɗebi murfi guda na maganin da ake fesa wa kabeji ta zuba. Kafin la'asar kifin suna ta zabura suna juyi a saman ruwa, kafin magariba babu ko ɗaya. Tana neman sunan maganin da ya fi sauƙi.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma ba zan ba ki sunan kowane magani ba. Na sha faɗin wannan, kuma duk damina sai an sake. Yawancin magungunan feshin kayan lambu da ke kasuwa, irin masu lamda-saihalotirin da saifametirin, suna cikin mafi tsananin guba ga kifi. Jikin kifi ba ya iya narkar da su da sauri, kuma ta wurin numfashi suke shigarsa kai tsaye. Ɗan abin da ya rage a tankin feshi, idan aka ɗauraye shi a bakin tafki, yana iya gamawa da kifin gaba ɗaya, balle murfi cike. Ki juya kwalbar ki duba ƙasan takardar. Akwai 'yan ƙananan hotuna a jere, ɗaya daga ciki na kifi ne. Ba ado aka yi da shi ba.

Abin takaicin shi ne kin kashe ma'aikatan da ke yi miki aikin kyauta. Sauro yana saka ƙwai a ruwa, tsutsar ta fito ta rataye a saman ruwan tana shaƙar iska, cikin mako guda zuwa kwana goma a zafin nan namu ta zama sauro ta tashi. Duk tsawon kwanakin nan tana gaban kifi, ƙananan karfasa da 'ya'yan tarwaɗa kuwa ba sa ƙyale ta. Tafkin da kifi ke yawo a cikinsa, bakinsa babu ciyawa mai duhu, da wuya ya fitar da sauro. Yanzu da ya zama fanko ne zai fara.

In ana neman inda sauron unguwa ke fitowa, a bi ni mu zagaya. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka: sawun tayar mota a lungu, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ruwan da ya kwanta bayan ɗaki. Mai kukan nan da ke hana barci, kwatar da ta toshe ce gidansa. Akwai kuma mai cizon rana, wanda ke haihuwa a tsohuwar taya, da gwangwanin madara, da durom marar murfi. Ki kira maƙwabtan cikin mutunci, ki ɗebo ruwan tayar da ke kan rufin wani a farin kofi, a ɗebo na tafki mai kifi, a ajiye su gefe da gefe. Ido zai raba gardama.

Tun da na taɓo zancen, masu zuba kananzir ko baƙin man da suke samowa a garejojin Suame su ma su ji. Man yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya toshe iska, kifin da ya tsira kuma namansa wari zai yi. Kifin da guba ta kashe, Hajiya, a haƙa rami a binne. Ba a ci, ba a ƙyafe shi a kai kasuwa, ba a jefa wa kyanwa. Ruwan ki janye shi kan busasshiyar ƙasa nesa da rijiya, kada ya bi kwata zuwa rafi. Ki wanke tafkin sau da yawa, ki gwada da 'yan kifi kaɗan. In na leda ne, ni dai da sabuwa zan saya.

Wani ya ce ruwansa ya yi kore, wane magani zai saya? Ko sidi ɗaya kada ka kashe. Ka tsoma hannu har gwiwar hannu: in kana hango tafinka, lafiya lau. In ba ka gani, ko ka tarar da kifi suna haki a sama da asuba, ka rage abinci, ka janye kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka zuba wa ayoyo da kontomire (ganyen gwaza), za su gode maka.

Mai tambaya kan kainuwa: sa kaɗan don inuwa, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku, wadda ka kwashe kuma ta tafi ramin taki, ba rafi ba.

Ƙanena daga Sawaba ya zuba tarwaɗa ɗari, yanzu bai ga rabi ba, ya fara zargin yaran gida. Ka bar yara. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Duk mako biyu ka tace su, ka ware waɗanda suka yi fintinkau a girma, ka kuma riƙa ba da abinci a kan lokaci.

Wata baiwar Allah daga Tafo tana da ɗa mai rarrafe, tana tambaya ko rabin mita ya yi ƙanƙantar da ba zai zama haɗari ba. 'Yar'uwa, ruwan da bai kai taƙi ba ma yana halaka yaro, kuma ba za ki ji kuka ba. Ko dai a yi shinge mai ƙofa da sakata, ko a sa walda ya yi murfin ƙarfe da zai ɗauki nauyin babba, kuma a kafa shi kafin a zuba ruwan farko. In kuɗin bai kai ba, a dakata da tafkin sai yaron ya yi wayo.