Baƙi sun zo, muna son fita tsibiri

Tambaya: Ƙannena da iyalansu za su zo daga Tawa su yi mako guda a Yamai. Ina son in kai su tsibiran kogin Isa. Yaya zan shirya? Daga wata mai karatu a Bukoki.

Amsa: Hajiya, ki fara da tsibirin Bubon, kusan kilomita 25 a hanyar Tilaberi. Ki zaɓi Laraba, ranar kasuwar garin, su ga tukwanen da matan Bubon suka yi suna da su. Amma ki tambayi halin tsaron hanya tukuna.

Disamba zuwa Fabrairu kogi a cike yake, ga sanyin hunturu, don haka a ɗauko wa yara rigar sanyi.

Kwale-kwale ne abin lura. Ku gama ciniki da mai jirgi tun a gaɓa, zuwa da dawowa. Kada a cika shi, kowa ya zauna, yara a tsakiya da rigar ceto. Mutum ɗaya ya miƙe don hoto sai jirgi ya karkata. In kun hango kunnuwan dorina a saman ruwa, ku ba ta hanya, musamman mai ɗa. Ku dawo kafin magariba.

Yara za su nace sai sun yi wanka. A hana su: ruwan gefe mai ciyawa nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake.

Ruwan sha, lita 3 kowane mutum. Mako guda cur a tsibiri kuwa gajiya ce. Fita biyu ta isa.