Me ya sa Baba yake rubutu a iska idan abu ya ɓace masa?

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70. Idan suna ko lambar waya ta kuɓuce masa, sai ya ɗaga yatsa yana zane a iska, can sai ka ji ya faɗa. Shin rikicin tsufa ne ya fara, ko akwai amfanin hakan?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Dabara ce Baba yake yi, kuma mai kyau.

An fi nazarin wannan ɗabi'a a Japan, inda ɗalibi ke haddace haruffan kanji sama da 2,000. A can ba abin mamaki ba ne ka ga mutum yana zana harafi a iska ko a tafin hannunsa idan ya shige masa duhu. A shekarun 1980 masanin halayyar ɗan Adam Masato Sasaki ya gwada hana mutane motsa yatsa yayin da suke laluben haruffa, sai tunowar ta ƙara yi musu wuya.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya gare ta ba. Wurin da ke riƙe sunaye da abin da ya faru jiya shi tsufa ya fi saurin taɓawa. Abin da hannu ya saba yi shekara da shekaru yana da nasa ma'ajin, kuma ya fi juriya. Shi ya sa wasu da bugun jini ya hana su gane rubutu da ido, idan suka bi harafin da yatsa sai su karanta shi. Wanda ya taso yana rubuta allo ma ya san haka: aya ta ƙi zuwa baki, amma da ya fara jan ta da yatsa a kan tabarma sai ta warware.

Ni dai shawarata, kada ku katse shi, kada kuma ku yi saurin faɗa masa amsar (mun cika yi wa dattawa haka saboda tausayi). Idan sabon abu ne, kamar sunan magani, ya zana shi da manyan haruffa, a hankali, yana furtawa da baki, ya maimaita bayan ɗan lokaci. Dabarar ta fi aiki ga abin da mutum ya iya rubutawa, kuma ba ta warkar da cutar mantuwa. Idan kuka ga yana ɓacewa a unguwar da ya sani, ko yana maimaita tambaya ɗaya a zama guda, ku kai shi wurin likita.