Kaka ta shigo: me za a saya yanzu, me za a dakata?

Tambaya: Anti dan Allah ina so in sayi buhun gero da na wake in ajiye, tunda sabo ya fara shigowa kasuwa. In saya yanzu ko in jira? Daga wata uwar gida a Kano.

Amsa: 'Yar uwa ki ɗan dakata tukuna. Geron da ake kawowa a farkon kaka, wajen ƙarshen Satumba, yawanci bai gama shan iska ba, in kika ɗaure shi a buhu kika jingine a ɗaki sai ya ɗau zafi ya fara fumfuna, kuma ko ya bushe lafiya awon raguwa yake, kinga kin sayi ruwa da kuɗinki kenan. Ki auni kwano biyu uku dai na fura da kunu, don ƙamshin sabon gero kam ba a magana. Na ajiya ki bari sai hunturu ya fara busawa, lokacin wake da dawa sun sauka, motoci na ta juye kaya a Dawanau, farashi ma yakan sassauta. In kin je kar ki yarda da na saman buhu, ki zura hannu can ciki ki ciji ƙwaya ɗaya, in ta ce ƙas ta bushe, in haƙori ya nutse ki bar musu abinsu. Wake kuma ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ƙwaro ba ya rayuwa in babu iska, ba ruwanki da zuba maganin feshi a abincin yara.

Tambaya: Na sayi sabuwar doya amma sakwarar ta ƙi kamawa, ko an cuce ni ne?

Amsa: Ba wanda ya cuce ki, halin sabuwar doya kenan, ruwa ne a jikinta. Ki yi fate ko ki soya da ƙwai, sakwara ki jira ta kwana biyu. Kuma ki duba, wadda ta kuje a mota tun daga Binuwai ko Neja saurin ruɓewa take, kar ki tara da yawa.

Tambaya: Ɗanyar gyaɗa da masara fa?

Amsa: Su kam yanzu ne lokacinsu, har da gujiya, amma ki sayi na ci ɗaya ko biyu. Masara ki danna ƙwayar da farce, in farin ruwa ya fito ta dafawa ce, in ta yi tauri a kai ta gashi. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci a zubar, kar a ba yara.